Bakwai Mai Ƙugiya

Jiniya ke tashina ƙarfe biyar, ba zakara ba.
Sopot na barci a gindin dutsen Balkan,
ni ina ɗaura kallabi a cikin duhu,
shayi na hucewa shi kaɗai a kan teburi.
Motar ma'aikata ba ta san jira ba, sai wucewa.

A bakin ƙofa mukan cire duk abin ƙarfe,
zoben aurena, makullin gida, har tsinken gashi.
Takalmin roba, rigar auduga, magana ƙasa-ƙasa.
Abin da muke reno a nan ba ya son tartsatsi,
jariri ne mai nauyin barci, sau ɗaya yake farkawa.

Shekara talatin da ɗaya ina gaban sikeli.
Harsashin igwar tankar yaƙi, sumul kamar tulu,
nauyinsa nauyin jikana Tihomir ranar da ya shiga makaranta.
In rungumo, in aza, in dubi allura,
in rubuta masa lamba da farin fenti,
wani ya gangaro tun wancan bai gama bushewa.

Uwata furen wardi ta tsinka a kwarin nan,
tun da asuba, kafin rana ta sha raɓa.
Ta rasu tafinta na ƙamshi.
Nawa tafin ya rine, ɗorawa shar har gindin farce.
Sabulu ya yi iya yinsa, lemon tsami ma ya gaza.
In na miƙa kuɗin burodi sai in dunƙule hannu,
mai shagon ya sani, matarsa ma da irinsa take dawowa.

Stoyna kuwa a zauren ɗuri take, bayan tudun ƙasa.
Ita ce mai raba mana busasshen inabi da tsakar rana.
Wata Talata tagogin gari suka zube gaba ɗaya,
karnuka suka yi shiru.
Takalminta ɗaya aka samo a kan reshen goro,
igiyarsa a ɗaure tsaf, yadda take ɗaurewa.

Mun koma aiki ran Litinin.
Gari ɗaya, masana'anta ɗaya, ina za a nufa?

An ce maƙeri ba ya bin wuƙarsa kasuwa.
Na riƙe wannan magana kamar sandar tsohuwa,
taragu na fita da dare, ban taɓa tambayar tasha ba,
har daren jiya, ina ɓare wake gaban talabijin,
aka nuno wani gari mai sunan da harshena bai iya ba.
Rabin ɗakin girki a tsaye, rabin a titi,
tukunya a kan murhu, labule mai zanen agwagi,
can gefe, a cikin laka, akwatunan da sojoji suka zubar.
Mai ɗaukar hoto ya matsa. Na ga lambar.
Bakwai ɗina ce, mai ƙugiya a ƙafa,
wadda malama Zhivka ta buge min yatsu a kanta
ta kasa gyarawa.

Wake ya zube a dardumar, ban tsince ba.
Tihomir ya ɗago daga littafinsa:
"Kaka, me kuke yi ne a wurin aikinku?"
Na ce, "Awo nake yi, ɗan nan."
"Awon me?"
Na ce ya je ya wanke baki, dare na tafiya,
ya tafi yana waiwayowa.

Yau jiniya ta same ni ido biyu.
Na cire zobe, na sa takalmin roba.
Na farko ya gangaro, sanyi ƙalau, na rungume shi,
allura ta yi rawa ta tsaya inda ta saba.
Lambarsa ɗari huɗu da bakwai.
Na daɗe riƙe da burushi, fenti na ɗiga a kan siminti,
Rayna a bayana tana cewa, "Nedyalka, layi na taruwa."